Yadda ake koyon hawan igiyar ruwa idan karatu ya kai ka Cape Town

Wannan bayani saboda 'yan uwa ɗalibai ne da karatu ya kai su Afirka ta Kudu, musamman Cape Town, waɗanda suke ganin mutane ɗauke da dogon allo suna faɗawa teku su hau igiyar ruwa su taho a tsaye, abin ya ba su sha'awa amma ba su san ta inda ake kama shi ba. Mu da muka taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi, yawancinmu ruwan da muka sani bai wuce na kududdufi da rafi da dam ba, wasu ma ko wannan an hana su zuwa tun suna yara, to ka ga dole namu koyon ya bambanta da na yaron da aka haifa a bakin teku. Shi ya san ruwa tun kafin ya taɓa allo, kai kuma sai ka fara sanin ruwan tukuna. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu, kuma don Allah kada ka tsallake jerin don ɗokin ka ga kanka a tsaye.

Mataki na farko, iyo

Idan ba ka iya iyo ba, ka ajiye maganar allo gefe guda. Za ka ji wasu suna cewa ai ruwan da ake koyo a ciki iya ƙugu ne, ai rigar ruwan tana ɗan ɗaga mutum, ai allon a ɗaure yake da ƙafarka. Duk gaskiya ne, amma maɗauri yana tsinkewa, kuma ƙasan teku ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kana tafiya ruwa iya cibiya sai ka taka rami ya kai maka wuya. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin darasin farko sai ka iya yin iyon mita 100 zuwa 200 ba tsayawa, kuma kana iya tsayawa wuri guda a ruwa mai zurfi kanka a sama na 'yan mintoci ba ka riƙe komai ba, sannan ka iya kwanciya rigingine a kan ruwa kana numfashi a natse. Wannan na ƙarshen ma ya fi sauran amfani ranar da ka gaji.

Wurin koyo bai yi wuya ba. Akwai wurin iyo na Long Street a tsakiyar gari wanda yake rufaffe kuma ana ɗumama ruwansa, akwai na Sea Point da ke bakin teku, kuma ka tambaya a ofishin wasanni na jami'arku ko suna da ajin manya masu koyo daga farko. Babu abin kunya a ciki, za ka tarar da manya irinka da yawa. Idan hannunka ya fara faɗawa sai ka je St James, tasha ɗaya gaba da Muizenberg, akwai wani tafki da aka kewaye da katanga a bakin teku wanda ruwan tekun ke cika shi. A nan za ka ɗanɗani gishirin da sanyin da yadda yake shiga hanci da ido ba tare da igiya tana dukanka ba. Ka sa fuskarka a ruwa ka riƙa fitar da iska ta hanci a hankali har jikinka ya daina firgita.

Mataki na biyu, zaɓen wuri

Cape Town teku ce ta kewaye ta amma ba kowane gefe ne na mai koyo ba. Gefen yamma, wato su Camps Bay da Llandudno da Kommetjie, ruwansu sanyi ne mai shiga ƙashi har a lokacin zafi, igiyar kuma da ƙarfi take karyewa. Naka wurin shi ne Muizenberg, a gefen False Bay, wato tekun da ke ɓangaren gabas, daidai inda suke kira Surfer's Corner, wajen ƙananan ɗakunan nan na katako masu launi-launi da kake gani a hotuna. Dalili kuwa, ƙasan wurin yashi ne kuma a hankali yake gangarawa, sai igiyar ta karye tun daga nesa ta taho da kumfa a hankali ta daɗe tana tafiya, ka samu isasshen lokacin miƙewa. Ruwansa ma ya fi na yamma ɗan dama-dama.

Zuwa ba wahala, jirgin ƙasa na layin kudu da ke tashi daga tashar Cape Town ya nufi Simon's Town yana bi ta Observatory da Mowbray da Rondebosch da Claremont da Wynberg, wato unguwannin da ɗalibai suka fi zama, tashar Muizenberg kuma a bakin ruwan take, kana sauka kana jin ƙamshin teku. Ka dai duba jadawalin ranar kafin ka fito, kuma ka shirya dawowa da sauran rana.

Shagunan koyarwa da na hayar allo jere suke a bakin wurin. Ka shiga biyu ko uku ka tambaya: nawa ne darasin, allo da riga suna ciki, mutum nawa ne malami ɗaya yake ɗauka, akwai rangwamen ɗalibai, akwai inda zan kulle kayana. Ka faɗa wa malamin gaskiyar iyawarka a iyo tun a shago, kada ka ƙara gishiri. Idan aljihu zai iya, darasin farko ka ɗauki na mutum ɗaya ko na 'yan kaɗan, don a cikin taron mutum goma malami ba zai ga inda ƙafarka take sauka ba. 'Yan uwa mata kuma kuna iya neman a ba ku malama mace, ku faɗa tun lokacin da kuke kama rana.

Mataki na uku, kaya

Allon farko dole ya zama babba mai soso, tsawon ƙafa 8 zuwa 9, idan kana da jiki ma ka nemi wanda ya fi faɗi. Na san ido yana tafiya kan gajerun nan masu tsini da gwanaye ke riƙewa, amma wannan gajeren ba zai ɗauke ka ba, za ka yi wata da watanni kana shan ruwa ba ka miƙe ba. Babban allo yana yawo sosai a kan ruwa, yana kama ƙaramar igiya da wuri, kuma idan ya buge ka ko ya bugi wani, soso ne.

Sai rigar ruwa, wadda suke ce wa wetsut. Za ka ga an rubuta 4/3 ko 3/2 a jiki, ma'ana kaurin robar ne a milimita, na farko a ƙirji da baya, na biyu a hannuwa da ƙafafu. Lokacin sanyinsu, wato Yuni zuwa Agusta, ka nemi 4/3, kai mu da jikinmu ya saba da zafin Arewa ko a Disamba ma ba laifi ka sa ta. Yadda take aiki shi ne ruwa kaɗan yana shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, robar ta tsare ɗumin, saboda haka dole ta kama jiki, idan ta yi maka yawa ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita kana karkarwa. Irin ta haya yawanci zif ɗinta a baya yake, ka lura kada ka sa ta a juye. Idan ƙafa ta ƙi wucewa ka sa leda a ƙafar sai ta zame ta wuce, ka ja ta sama kaɗan-kaɗan da tafin yatsu ba da farce ba.

Maganar sutura, tunda na san tana ran mutane. Rigar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu amma tana fitar da surar jiki, to abin da ake yi shi ne namiji ya ɗora gajeren wando mai kaiwa gwiwa a sama, mace kuma ta ɗora riga mai ɗan tsawo mara nauyi ta kayan iyo da hijabin wasanni wanda yake kama kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shiga da mayafi mai yawo ko zane ko doguwar riga ta auduga, suna shan ruwa su yi nauyi, suna iya naɗe fuska ko su sarƙe da maɗauri lokacin da igiya ta juya mutum, wannan haɗari ne na gaske. Wajen canza kaya kuma za ka ga mutanen wurin suna yi a bakin mota da tawul a ƙugu, kai ka zo da jallabiyarka mai faɗi ka zura ka canza a ciki, ko ka yi a ɗakin shagon.

Maɗaurin ƙafa ana sa shi a idon sawun ƙafar da za ta zauna a baya. Don ka san wacce ce, ka tsaya ƙafa a haɗe wani ya ɗan tura ka ta baya ba ka shirya ba, ƙafar da ta fara fita ita ce ta gaba. Ko hagu ko dama duk daidai ne. Ka shafa man kare rana a fuska da wuya da bayan hannu, kada ka ce ai ni baƙi ne, ranar can tana da kaifi kuma ruwa yana mayar da haskenta fuska. Zobe da agogo da tabarau a bar su a gida ko a kabad ɗin shago, waya ma haka, kada ka binne ta a yashi ƙarƙashin tawul.

Mataki na huɗu, ka zauna ka karanta ruwan kafin ka shiga

Wannan shi ne inda na fi so a daɗe, don shi ne abin da babu wanda ya koya mana a gida. Kana isa kada ka ruga, ka tsaya minti goma sha biyar kana kallo. Za ka lura igiyoyin ba daidai suke zuwa ba, sukan zo a jere, manya uku ko huɗu ko fiye, sai ruwan ya lafa, sai wani jerin ya sake tahowa. Wanda ya kalli minti biyu kawai zai iya faɗawa a lokacin lafawar ya ɗauka haka ruwan yake. Ka duba ina igiyar take fara karyewa, ina masu koyo suka taru, ina gwanaye suke zaune can ciki, ina duwatsu suke.

Sai tutoci. Masu ceto suna kafa tuta mai ja da rawaya guda biyu, tsakaninsu wurin masu iyo ne, ba a shiga nan da allo. Ban da wannan akwai tutar kifin shak, don a Muizenberg ne aka fara shirin nan na Shark Spotters a 2004, mutum yana zaune a saman dutse wajen titin Boyes Drive yana duban ruwan daga sama yana magana da na ƙasa. Tuta kore na nufin ana ganin cikin ruwa sosai kuma ba a ga komai ba. Baƙa na nufin ruwan ya yi duhu ko yanayi bai ba da damar gani da kyau ba. Ja na nufin a yi hattara sosai, an ga kifin ba da daɗewa ba ko akwai alamun yana kusa. Fara kuma tare da jiniya na nufin ga shi nan, kowa ya fito. Idan ka ji jiniya kada ka yi ihu ko ka yar da allo, ka kwanta a kai ka bi kumfa ka fito kamar yadda kowa zai yi. Ni a ganina mai koyo ya shiga ne kawai a kore ko baƙa, cikin jama'a, kusa da gaɓa.

Amma abin da ya fi kifi cin mutane a teku shi ne ruwa mai ja. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya bi ta wani lungu ya koma ciki da gudu. Abin da yake yaudarar baƙo shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, igiya ba ta karyewa a nan, ruwan ya ɗan fi duhu ko ya gauraye da yashi, kana ganin kumfa ko ciyawar ruwa tana tafiya ciki maimakon ta taho. Wanda bai sani ba sai ya ce bari in shiga ta nan da ba hayaniya. Idan ka ji ana jan ka ciki, abu na farko kada ka saki allonka, shi ne abin da yake riƙe ka a sama. Na biyu kada ka yi kokawa da ruwan kana neman komawa gaɓa kai tsaye, zai gajiyar da kai, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ka tuƙa gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, zuwa inda kake ganin igiya tana karyewa da farin kumfa, ita za ta dawo da kai. Idan ƙarfi ya ƙare ka zauna a kan allon ka ɗaga hannu ɗaya sama kana kaɗawa. Lambar gaggawa ta waya a ƙasar 112 ce, ka sa abokin da ya raka ka ya san ta, kuma za ka ga an rataye wasu robobin ceto masu launin hoda a bakin ruwa da yawa, na jefa wa wanda ruwa ya ja ne.

Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wato wajen 14 da 15 ga wata, cikar tana fin ta kullum, janyewar ma haka, jan ruwan kuma yana ƙara ƙarfi. Mu da muke lissafin watan Musulunci wannan ba zai mana wuyar riƙewa ba.

Iska ita ce take yanke hukuncin ko ranar za ta yi daɗi. A Muizenberg iskar kudu maso gabas, wadda take kaɗawa da ƙarfi a lokacin zafinsu har suke mata laƙabi da likitan Cape, daga teku take busowa, tana hargitsa igiyar ta zama ba tsari. Iskar arewa maso yamma kuma daga tudu take zuwa, tana gyara igiyar ta tsaya sumul, ita aka fi samu a lokacin sanyi. Shi ya sa za ka ga wurin ya cika a watan Yuli duk da sanyin. Ka sauke Windguru ko Windy a waya ka riƙa duba ɓangaren da iska take fitowa da tsayin igiya, kuma yawanci da sassafe iska ba ta tashi ba, idan ka yi asuba ka kama hanya ka fi samun ruwa mai kyau. Iskar kudu maso gabas ɗin nan takan koro wasu halittu shuɗaye masu kama da ƙaramar balan-balan da dogon zare, idan ka gan su zube a yashi to suna cikin ruwa, kuma harbinsu da zafi. Wanda suka taɓa ya cire zaren, ya wanke da ruwan teku, kada ya goga da yashi, sannan ya sa wurin a ruwan ɗumi mai ɗan zafi, idan kuma numfashi ya fara wuya a nemi masu ceto nan take.

Mataki na biyar, miƙewa a kan yashi

Kafin ruwa malami zai sa ka kwanta a kan allon a yashi, kada ka raina wannan. Ka kwanta rub da ciki a tsakiyar allo, yatsun ƙafa suna kusa da ƙarshensa. Ka kafa tafin hannu biyu a kan allon daidai gefen haƙarƙari, ba a gaban kafaɗa ba, kuma kada ka kama gefen allon don yana sa shi karkata. Ka tura ƙirji sama, ka jawo ƙafar baya ka kafa ta wajen inda gwiwarka take, sai ka zuro ƙafar gaba ta sauka tsakanin hannayenka, sai ka saki hannu ka taso a durƙushe-durƙushe. Jikinka a karkace yake, ƙafafu sun ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe ba ka turo ɗuwawu baya ba, hannuwa a sake. Mutane da yawa suna fara dogarawa da gwiwa kafin su miƙe, yana da sauƙi a ranar farko amma idan jiki ya saba da shi cire shi aiki ne, gara ka koyi daidai tun yanzu. Ka riƙa yin goma ko ashirin a ɗakinka a kan kafet kullum, har ya zama ba ka tunani.

Mataki na shida, cikin kumfa

Ka yi bismillah da addu'arka ka shiga. Allon yana gefenka, hancinsa yana kallon teku, hannunka ɗaya a kai. Kada ka taɓa sa shi a gicciye tsakaninka da igiya, za ta ɗauke shi ta maka maka a fuska, yawancin fashewar leɓe a ranar farko daga nan take samo asali. Duk kumfar da ta zo ka ɗan ɗaga hancin allon ta wuce ta ƙasa. Ka tsaya a ruwa iya ƙugu, nan ne ajinka na makonni.

Ka juya allon ya kalli gaɓa, ka waiga, idan ka ga kumfa mai ɗan ƙarfi ta kusa sai ka hau ka kwanta ka fara tuƙi da hannu ɗaya bayan ɗaya, kana zura hannun can gaba kana jawo ruwa har cinya, ƙirji a ɗage, ƙafafu a haɗe a kan allo ba suna reto a ruwa ba. Wurin kwanciyar yana da muhimmanci ƙwarai: hancin allon ya ɗago daga ruwa kamar faɗin tafin hannu. Idan ka matsa gaba da yawa hancin zai nutse ka wuntsila ta kai, idan ka koma baya da yawa allon zai yi ta turjiya igiya ta wuce ta bar ka. Za ka ji lokacin da ta kama ka, allon zai yi sauƙi ya zabura da kansa. Kada ka miƙe a nan take, ka ƙara tuƙi biyu ko uku tukuna. Ukun farko ko biyar ma kada ka miƙe sam, ka taho a kwance har gaɓa kana danna gefen dama ka ga ya karkata dama, ka danna hagu ka ga ya bi, ka san halin allon.

Sannan ka gwada miƙewa. Ido a gaba, ka zaɓi wani abu a gaɓa, ɗaya daga ɗakunan katakon nan misali, ka kafa masa ido. Kamar koyon keke ne, wanda ya kalli tayar gaba shi yake faɗuwa. Idan allon yana rage gudu ka ɗan danna ƙafar gaba, idan hanci zai nutse ka mayar da nauyi baya.

Faɗuwa kuwa dole ce kuma ita ma koyonta ake. Ka faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, nesa da allon. Kada ka yi tsalle da kai, ruwan ba zurfi, wuya ake karyawa a haka, kada kuma ka diro da ƙafa a sandare don idon sawu. Kana cikin ruwa ka rufe kai da hannu biyu, ka bari igiyar ta gama juya ka, daƙiƙoƙi kaɗan ne ko da yake za ka ji kamar an daɗe, sannan ka taso hannu yana kanka har sai ka ga inda allon yake, don maɗaurin yakan dawo da shi da gudu kuma akwai fikafikai masu kaifi a ƙasansa. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a rana, da ka ji hannu ya mutu ko haƙora sun fara haɗuwa ka fito, a gajiye ake jin ciwo.

Mataki na bakwai, ladabin ruwa da wucewa ciki

Ranar da ka ga kana miƙewa a yawancin kumfar da ka kama kuma kana iya juya allon inda kake so, to lokacin ne za ka fara tunanin wucewa bayan inda igiya take karyewa, kuma ranar farko ka tafi da malami a ranar da ruwa yake ƙarami. Ƙaramar kumfa ana wuce ta ne da tura ƙirji sama ta bi tsakaninka da allo. Babba kuma ka kama gefen allon da ƙarfi ka juya rigingine, kai a ƙasa allo a sama, ta wuce, ka juyo ka ci gaba da tuƙi. A can za ka koyi zama a kan allo ƙafa a ruwa kana kallon teku, kada ka juya mata baya. Igiyar da ba ta karye ba tana buƙatar ka fara tuƙi da wuri kuma ka ɗan karkata hancin allon ɓangaren da za ka bi.

A can akwai dokoki da ba a rubuta a allo ba amma kowa yana bi. Wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ne mai ita, idan ka ga wani ya riga ya hau kada ka faɗa gabansa, ka waiga dama da hagu kafin ka tuƙa. Idan kana komawa ciki kada ka bi ta gaban mai tahowa, ka zagaya ta gefe ko ka nufi ɓangaren kumfa ka sha dukan ka bar masa hanya. Kada ka jefar da allo don igiya ta tsorata ka, akwai mutum a bayanka, sau da yawa ma yara ne. Idan ka shiga hanyar wani ka ɗaga hannu ka ba da haƙuri, shikenan ya wuce. Muizenberg a ƙarshen mako cika take maƙil, idan jadawalin lakca ya ba ka safiyar Talata ko Laraba ka fi sakewa.

Bayan ka fito ka cire rigar da wuri ka sa busassun kaya, ka sha shayi mai zafi, ka wanke gishirin da ruwan famfo ka shafa man kaɗanya don gishiri yana busar da fata har ta yi fari, mata masu kitso su wanke kai sosai su bari ya bushe. Ka karkata kai ka fitar da ruwan kunne, wanda zai daɗe yana shiga ruwan sanyi ya sayi abin toshe kunne na masu iyo, don sanyin da iska suna sa ƙashin cikin kunne ya riƙa tsirowa a hankali yana toshe hanya. Ka lissafa lokacin sallah kafin ka shiga tunda sa rigar da cire ta aiki ne, abincin halal kuma ba ya wuya a garin don Musulmi suna da yawa kuma sun daɗe a can. A watan azumi ni shawarata a huta da rana, ruwa yana shiga baki da hanci ba da son mutum ba kuma aikin yana cinye ƙarfi.

Kada ka shiga kai kaɗai, ko da ka fara jin ka iya, kuma wani a hostal ya san inda ka tafi da lokacin dawowarka. Inshorar lafiyar da aka sa ka yi kafin a ba ka bizar karatu, ka duba takardar ka ga abin da ta ɗauka, ka ajiye lambarta a wurin abokin tafiyarka. Su Mama a gida kuma ka faɗa musu da bakinka kafin su gani a hoto, ka bayyana musu cewa ka koyi iyo, da malami kake, akwai masu ceto, ruwan iya ƙugu ne, tsoron da suke yi wa ruwa yana da dalili kuma hakkinsu ne su ji daga gare ka. Lokacin jarabawa, wajen Yuni da Nuwamba, ka rage zuwa, don ranar da ka shiga ruwa da safe barci ne zai ɗauke ka da rana.

Sayen allo kuma kada ka yi gaggawa. Ka yi haya har sai ka tabbata kana zuwa a kai a kai, sannan ka fara da sayen rigar ruwa taka ta kanka don ita ce ta fi shafar jin daɗinka. Allo ka nemi na hannu, shagunan wurin da ɗalibai masu gama karatu suna sayarwa, ka duba ko akwai tsagewa ko wurin da ya yi laushi ya sha ruwa, ka ɗaga ka ji ko ya yi nauyi fiye da kima, ka ja maɗaurin ka ga bai tsufa ba. Ka kuma tambayi mai gidan da kake haya ko hostal inda za ka jingine abu mai tsawon ƙafa 8 kafin ka biya kuɗin.